Kama da wane ba ta wane: kayan asali, na kasuwa da na jabu a tsofaffin motocin gudu na Japan



A watan Janairun 2020 aka sayar da wata tsohuwar mota a Amurka, Datsun 240Z ƙirar 1971, a kan dalar Amurka dubu 310. In aka juya shi zuwa kuɗinmu a canjin wancan lokaci, ya haura miliyon 180 na sefa. Mutum biyu kacal take ɗauka, shekarunta sun kusa hamsin, kuma sa'ad da take sabuwa kuɗinta bai kai dalar Amurka dubu 4 ba. Irinta da dama suna nan ana sayar da su a kan abin da bai kai rabin rabin wancan kuɗi ba. To me ya bambanta ta? Tafiyar da ta yi duk rayuwarta kimanin kilomita dubu 35 ce, kuma kusan komi na jikinta yana nan yadda ya fito daga kamfani. Abin da mai saye ya biya ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu da motar da ba ta iya ɗaukar buhun hatsi ko guda. Akwai ruwanmu, domin tambayar da ta ɗaga kuɗin waccan mota ita ce makanike ke yi muna kullum a gareji, daga Maraɗi har Tawa: “Na asali kake so, ko adaftabul?” Kuma ƴan uwanmu da ke Amurka, Turai da Dubai, wasunsu sana'arsu ke nan, sayen motoci da piyas suna turowa gida. A duniyar tsofaffin motocin Japan an daɗe ana tankaɗe da rairaya a kan wannan tambaya, shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa can mu ga yadda suke rarrabe kaya.

Waɗanne motoci ake nufi?

Motocin gudu su ne ƙananan motocin nan, galibi masu ƙofa biyu, da aka ƙera don sauri da jin daɗin tuƙi. A Japan ana kiran tsofaffin motoci masu daraja “kyusha”, wato tsohuwar mota.

Uwarsu duka ita ce Toyota 2000GT, wadda Toyota ta ƙera tare da Yamaha daga 1967 zuwa 1970. Guda 351 kawai aka yi. Katakon da ke gaban direba ma aikin masassaƙan Yamaha ne, masu yin kayan kiɗa. A 2022 aka sayar da ɗaya daga cikinsu, wadda ta taɓa yin tsere a Amurka, a kan sama da dalar Amurka miliyon biyu da rabi.

Sai Datsun 240Z ta kamfanin Nissan, wadda ta fito a 1969, ana kiran ta Fairlady Z a Japan. Ita ce ta nuna ma Amurkawa cewa Japan na iya yin motar gudu mai kyau da ma'aikaci zai iya saye. Akwai Toyota AE86, daga 1983 zuwa 1987, wadda a taƙaice Corolla ce, ƴar gidan Corollar da muka sani, sai dai tayoyin baya ke tura ta. A 1989 aka samu biyu: Mazda MX-5 mai rufin da ake naɗewa, da Nissan Skyline GT-R samfurin R32. Wannan Skyline ɗin ta shiga tsere 29 a gasar Japan tsakanin 1990 da 1993, kuma duka ta cinye. Honda ta fito da NSX mai jikin alminiyom a 1990, Mazda na da RX-7, ita kuma Toyota ta fito da Supra samfurin A80 a 1993, aka ci gaba da yin ta har 2002.

Yadda kayansu suka ƙare

Kamfani ba ya yin kayan gyaran mota har abada. Idan aka daina ƙera samfuri, ana ci gaba da samar da kayansa na wasu shekaru, daga nan sai a riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya. Dalilin kuɗi ne. Kowane yanki na jikin mota yana da mazubinsa, kamar mul ɗin da ake buga tubali da shi, sai dai nasu na ƙarfe ne mai nauyin gaske, yana cin wuri, yana son kulawa. In a shekara mutum goma ne ke neman murfin fitilar wata mota, ajiye mazubin asara ce, sai a narkar da shi. Kayan da aka daina yi Japanawa na ce masa “haiban”, kuma kalma ce da mai tsohuwar mota ba ya son ji.

Abin mamaki, inji ba shi ke fara ba da wahala ba. Ƙarfen inji yana jurewa, kuma ana iya gyara shi. Waɗanda ke fara mutuwa su ne robar ƙofa da ta gilashi, tiyo-tiyon ruwa da na mai, wayoyin lantarki da suka bushe, da robar gaban direba da rana ke tsagawa. Duk wanda ya ajiye mota a ranar Damagaram ya san wannan. Sai kuma tsatsa, wadda ita ce babbar cutar 240Z. A motocin shekarun 1990 an samu ƙarin matsala: ƴan ƙananan kayan lantarki na cikin kwamfutar inji suna tsufa, su tsiyaye, su ɓata allon da suke kai.

Dokokin Japan su ma sun rage yawan motocin. Suna da bizit teknik mai tsanani da tsada da ake kira “shaken”: sabuwar mota tana zuwa bayan shekara uku, daga nan kuma duk shekara biyu. Motar fetur da ta wuce shekara 13 ana ƙara mata harajin shekara da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa rabuwa da motocinsu tun da sauran ƙarfinsu, wasu aka murƙushe, wasu aka fitar waje.

Ana cikin haka masu nema suka ƙaru. A Amurka akwai dokar da ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin ƙasar ba, sai ta cika shekara 25. Skyline R32 ta cika wannan sharaɗi a 2014, ƙanwarta R34 kuma a 2024. Yaran da suka tashi suna ganin waɗannan motoci a fim da wasannin bidiyo sun girma, sun samu abin hannunsu. Kaya sun yi kaɗan, masu kuɗi sun yi yawa, kun san abin da kasuwa ke yi in haka ta faru.

Kaya iri-iri ne

Mu a nan mun saba raba kaya gida biyu, na asali da wanda ba na asali ba. Masu tsofaffin motocin Japan sun fi mu rarrabewa.

Na farko shi ne wanda suke kira “junsei”, kayan da ke zuwa cikin kwalin kamfanin motar, da lambarsa. A Toyota lambar takan zama haruffa ko alƙaluma goma, biyar a gaba, biyar a baya, da ɗan layi a tsakani. Da wannan lamba ake neman kaya ko'ina a duniya.

Na biyu shi ne kayan kamfanin da ke yi ma mai motar aiki. Mutane da yawa ba su san cewa Toyota ko Nissan ba su ke ƙera komi da hannunsu ba. Denso na yin kayan lantarki, Aisin na yin kayan giya da famfon ruwa, NGK na yin buji, KYB na yin abin da ke shanye gargada, Koito na yin fitilu. Sau da yawa waɗannan kamfanoni suna sayar da kaya irin wanda suka kai ma mai motar, amma cikin nasu kwalin, da ɗan sauƙin kuɗi. Ga wanda ke son motarsa ta yi aiki lafiya, wanga kaya ba shi da aibi.

Na uku shi ne tsohon ajiya: kayan kamfani da aka yi tun zamanin motar, ba a taɓa ɗaura shi ba, ya kwana shekara talatin ko arba'in a kan kanta. Masu tara motoci suna rububinsa. Amma a nan akwai tarko. Tambarin ƙarfe ko gilashin fitila na tsohon ajiya dukiya ne. Tiyon birki ko taya da suka shekara talatin a ajiye kuwa haɗari ne, ko da ba su taɓa hawa hanya ba, domin roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi.

Na huɗu shi ne kayan da aka ciro daga wata motar, abin da muke ce ma na kas. Na asali ne, amma ya riga ya ci wani abu daga kwanansa.

Na biyar shi ne “shagaihin”, kayan da wani kamfani dabam ya ƙera da sunansa, ko don ya maye gurbin na asali, ko don ya ƙara ma mota ƙarfi ko ado. A cikinsa akwai mai kyau ƙwarai, akwai na banza.

Na shida shi ne jabu, kayan da ke ɗauke da sunan da ba nasa ba. Biyar ɗin farko kowanne yana faɗin gaskiya game da kansa, mai saye ya san abin da ya biya. Na shidan ne kaɗai ke yin ƙarya, kuma shi ne abokin gaba.

Asali sau ɗaya ake samunsa

Masu wannan harka suna da wata magana: mota ana iya gyara ta sau goma, amma sau ɗaya take zama ta asali. Fentin da kamfani ya fesa a 1971, in aka kankare shi ya tafi ke nan. Ko sabon fentin ya fi shi ƙyalli, mai saye ba zai ƙara sanin abin da ke ƙarƙashinsa ba, ƙarfe ne lafiyayye, ko tsatsa ce aka lulluɓe da ƙullun cike rami. Wato darajar asali ba ƙauna ce kawai ta tsohon abu ba. Motar da ba a taɓa ba ita ce ba ta da inda za ta ɓoye aibinta.

Shi ya sa bincikensu ke da zurfi. Suna fara duba farantin ƙarfen da kamfani ya manna a ɗakin inji. A Toyota farantin yana nuna samfurin mota, irin injin, lambar shasi, lambar launin fenti da ta kayan ciki. In farantin ya ce fara ce aka tarar da ja, an san an sake fenti. A 240Z ta farko-farko, farantin yana ɗauke da lambar injin da aka sa mata a kamfani, sai a gwada da lambar da aka buga a jikin injin. In sun zo ɗaya, kuɗi ya hau. Suna da ɗan na'urar da ake ɗorawa a jikin mota ta auna kaurin fenti, inda ya yi kauri fiye da kima an taɓa wurin. Suna duba tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, da ɗigon walda na kamfani a gefen ƙarfe, har da kan ƙusoshi, ko sufana ya taɓa cin su.

Bayan ƙarfe sai takarda. A Japan, tun 2004 takardar shaken tana ɗauke da kilomitan da mota ta yi a ranar bizit, abin da ya sa mai da agogon kilomita baya ya ƙara wuya. A manyan kasuwannin gwanjon motoci na ƙasar, kowace mota tana da takardar da mai dubawa ya cika, da maki, da zanen inda ta ƙuje ko ta lotsa. Harafin R a wurin maki yana nufin an taɓa gyara ƙashin motar, galibi bayan haɗari. Ƴan uwa masu sayen motar da ta fito daga Japan, ku nemi wagga takarda, kuma ku sa wanda ya iya ya tabbatar da ita, domin ita ma ana buga ta jabu.

Kayan kasuwa ba zunubi ba ne

Kar wani ya ɗauka cewa duk abin da ba na kamfani ba ɓata mota yake. A Japan ma samun motar gudu da ba a taɓa ba shi ne abin mamaki, domin canza kaya yana cikin al'adar waɗannan motoci tun farko.

Ga dalili guda. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya tsakaninsu cewa motar da za a sayar cikin ƙasar ba za a ce ta wuce ƙarfin doki 280 ba. Amma injinan da suka ƙera, irin RB26 na Skyline da 2JZ na Supra, an gina su da ƙarfin da ya zarce haka nesa. Kamar a ɗaure ingarman doki ne da gajeren igiya. Sai ƙananan kamfanoni suka shigo suna kwance igiyar: babban turbo, salansa mai faɗi, sabuwar kwamfutar inji. HKS, wadda aka kafa a 1973, da Trust mai tambarin GReddy, da wannan aiki suka yi suna. Tun 1983 ake yin baje-kolin irin waɗannan kaya a Japan duk shekara, wanda yau ake kira Tokyo Auto Salon.

Su kansu masu motocin suna da rassan da ke yin haka. Toyota na da TRD, Nissan ta kafa NISMO a 1984. Mugen kuwa, mai yin kayan Honda, ɗan wanda ya kafa Honda ne ya buɗe ta a 1973, Hirotoshi Honda. Kayan waɗannan gidaje suna tsakiya: ba da su motar ta fito ba, amma ba baƙi ba ne.

Akwai kuma abin da Japanawa ke kira “tojimono”, kayan zamanin. In aka ga 240Z da janti mai ƙafa takwas na RS Watanabe, ko sitiyarin katako na Nardi daga Italiya, ko kafireta uku na Mikuni a madadin biyun Hitachi da ta zo da su, ba a cewa an ɓata ta. Haka samarin wancan lokaci suke shirya motocinsu, kuma yau wasu daga cikin waɗannan kaya sun fi na kamfanin tsada. Wani lokaci ma tarihi ne ke sayar da mota: Supra mai ruwan lemu da ta fito a fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, wadda aka canza mata kusan duk kamanninta, an sayar da ita dalar Amurka dubu 550 a 2021.

To ina iyakar? Masana harkar suna tambaya ɗaya: ana iya mai da shi yadda yake? Janti, sitiyari, kujera, salansa, duk da ƙusa aka ɗaura su, da sufana ake sauke su. Wanda ya canza su ya ajiye na asalin a ɗaki bai yi asara ba, ranar sayarwa zai haɗa da su. Amma wanda ya yanke ƙarfen saman taya don ya sa masu faɗi, ko ya huda allon gaban direba don rediyo, ko ya cire injin asali ya sayar ma masu awon ƙarfe, ya yi abin da ba ya warwaruwa. A Amurka an cire injin 240Z da yawa an sa babban injin Amurka lokacin da motar ba ta da tsada. Yau motar da ta rage da injinta na asali ita ake nema.

Inda jabu ke kisa

Bari mu ɗauki misali guda. A 1996 kamfanin Rays na Japan ya fito da wani janti mai suna TE37. Lambar 37 tana nuni da nauyin ƙaramin cikinsu, kilo 3.7. Ana yin sa ne ta hanyar matse dunƙulen alminiyom da inji mai ƙarfin gaske har ya ɗauki siffa, kamar yadda maƙeri ke dukan ƙarfe ya yi tauri. Haka ya sa yake da sauƙin nauyi kuma ga ƙarfi. Da ya yi suna, sai masu kwaikwayo suka cika kasuwannin duniya da mai kama da shi, har da tambari.

Na kwaikwayon narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi, kamar yadda ake zuba tukunya a kasuwar Katako ta Yamai. Zubi a kansa ba laifi ba ne, yawancin jantin alminiyom da motoci ke fitowa da shi daga kamfani na zubi ne. Amma wanda ya ƙera na zubi da gaskiya yana ba shi kaurin da ya dace da zubi, ya gwada shi. Mai jabu kuwa siririyar siffar na matsi yake kwafa da ƙarfen da ba zai iya ɗaukar ta ba. In aka faɗa rami da gudu, janti mai kyau yakan lanƙwashe, direba ya samu ya tsaya. Na jabu yana iya darewa nan take. Japan na da alamomin gwaji, JWL da VIA, da ake bugawa a jikin janti, to amma mai jabu su ma yana bugawa. Kama da wane ba ta wane.

Haka abin yake ga takalmin birki, buji da matatar mai. Kwali na iya zama tsaf, abin cikin ne ba a gani sai ranar da aka buƙace shi.

Kamfanoni sun waiwayo

Da kamfanonin suka ga motocin da suka ɗaukaka sunansu suna mutuwa don rashin ƴar roba, sai suka sake tunani. A 2017 Mazda ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko, ta sa aka sake yin rufinta, da sitiyarin Nardi, har Bridgestone ta sake yin taya mai zanen 1989. A ƙarshen wannan shekara Nissan ta fara shirin NISMO Heritage da kaya wajen iri 80 na Skyline R32, a 2018 ta ƙara da R33 da R34. Inda mazubi ya ɓace, sun koma ga sabbin dabaru: a 2021 suka sanar da yin wasu kayan roba da na'urar da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta, da kuma lanƙwasa farantin ƙarfe da hannayen inji ba tare da mazubi ba. Mazda ta dawo da wasu kayan RX-7. Honda kuwa tun a 1993 ta buɗe shirin sabunta NSX a Japan.

Toyota ta sanar da nata shirin, GR Heritage Parts, a 2019, ta fara da Supra, a 2020 ta ƙara 2000GT, a 2021 ta ƙara AE86. A watan Agustan 2021 kuma, lokacin cikar Land Cruiser shekara 70, ta ce za ta sake yin wasu kayan Land Cruiser samfurin 40, wadda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984. Kun ga an zo kusa da gida. Tsohuwar Land Cruiser da mu muke kallo a matsayin jakar aiki, a wasu ƙasashe ta shiga layin motocin da ake tarawa ana alfahari da su.

Amma a lura, ba duk kaya ake sake yi ba. An fi ba da ƙarfi ga waɗanda in babu su mota ba ta tafiya ko ba ta cin bizit, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Sannan ko kamfani ne ya yi shi jiya, sabon yanki sunansa sabon yanki. Yana raya motar, amma ba ya mai da mata abin da aka cire.

Abin da za mu ɗauka

Ba mu ce kowa ya tafi neman Skyline ba. Sitiyarin motocin cikin Japan ma a dama yake, hanyoyinmu kuma ba nasu ba ne. Amma wasu ɗabi'un waɗannan mutane suna da amfani ga mai Hilux, mai Corolla, har da mai kabu-kabu.

Idan za a sayi kaya, a tambayi sunan wanda ya ƙera shi. Adaftabul da ya faɗi sunansa ya fi “na asali” da aka ba ka a kan rabin kuɗi. A kan birki, sitiyari, taya da janti kar a bi araha, araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya rage a wajen fitilun ado da rediyo.

Ƴan uwa na ƙetare da ake yi ma waya a ce a turo piyas, ku ce a ɗauko maku hoton lambar shasi daga kart giriz ko daga farantin motar. Mota ɗaya da suna ɗaya tana iya bambanta tsakanin wadda aka yi don Turai, da ta Amurka, da ta ƙasashen Larabawa. Sunan mota da shekara kaɗai ba su isa ba, kaya da yawa sun ƙetare teku sun zo sun ƙi shiga.

In makanike ya sauke wani abu mai lafiya don a sa na ado, a karɓe shi a ajiye. A riƙe takardun gyara, ko ɗan littafi ne a rubuta rana, da kilomita, da abin da aka canza. Ranar sayarwa shi zai yi magana. Kuma wanda ke da tsohuwar mota kwance a bayan gida, musamman tsohuwar Land Cruiser, kafin ya kira masu awon ƙarfe ko ya sa a yanke ta a yi amalanke, ya tambayi wanda ya san kasuwarta tukuna. Yankewa aikin yini ɗaya ne, kuma ba a haɗawa.

Makanikai da direbobi da ke biye da mu, ku kuka fi mu sanin yadda ake gane jabu a kasuwanninmu. Ku aiko muna da abin da kuka gani da idonku, za mu karanta a shirinmu na gaba don kowa ya ƙaru. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.